Dandalin Ƙannena: Wace Mota Ce A Ranki?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan makarantar kwana, waɗanda na san kwafi ɗaya na mujallar nan sai ya zaga ɗaki uku kafin ya dawo hannun mai shi, duk ya yi laushi.

Yau hirar mota za mu yi. Na hango wata can ta taɓe baki tana cewa, "Kai Anti, ina ruwanmu da mota, mu da ko sitiyari ba mu taɓa riƙewa ba?" Ai kuwa kina ciki ruwa da tsaki. Ɗauko littafin soyayyar nan da ke ƙarƙashin matashinki, kada ki ɓoye, na san yana nan. Buɗe ki gani. Da wuya a kai shafi na biyar wata dalleliyar mota baƙa wuluk ba ta yi fakin a ƙofar gidan su yarinyar ba. A hankali gilashi zai sauka, sanyin esi da ƙamshin turare su daki hancinta, shi ke nan zance ya ƙare, zuciya ta tafi. Mun karanta irin wannan har mun haddace. To abin da ya shiga littattafanmu haka, ya shiga mafarkinmu, ya kuma shiga zaɓen mijin wasunmu, ai bai kamata a ce ba mu san komai a kansa ba in ban da launi.

Gwada ki tambayi ƙawarki wace mota take so. Za ta ce miki babba, baƙa, mai baƙin gilashi. Matsa mata da tambaya, sai ki tarar ba ta ma kalli motar ba, mutumin da ke ciki take siffantawa. Amma je ki ji masoya mota na haƙiƙa, irin tsofaffin direbobin tashar Daura, da makanikai, da samarin majalisar mai shayi bayan sallar Isha'i. In gardamar "wace mota za ka ɗauka in an ce zaɓi ɗaya" ta ɓarke a tsakaninsu, sai ki rantse rabon gado ake. Kowa da tasa, kowa da hujjarsa, har shekarar da aka ƙera ta da yawan silindarta zai lissafo miki, alhali wani ko keken kansa bai mallaka ba. Tunda ke ba za ki je majalisar maza ki zauna ba, bari in kawo miki gardamar har ɗaki.

Dattawan cikinsu ba sa wahalar da kansu, Fijo suke cewa. Wasu su ce 404, wadda ta fito a 1960, amma mafi yawa 504 ce a bakinsu, kuma in suna faɗin sunanta har murya ke sauyawa kamar mai tuna uwargidan da ta rasu. An fara nuna ta a Faransa a 1968, shekara ɗaya bayan nan ta lashe kambun motar shekara ta nahiyar Turai. A 1975 ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu, inda motoci da yawa ke mutuwa a hanya. A wannan shekarar dai kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma bai daina fitar da 504 ba sai a 2006, shekaru fiye da ashirin bayan Faransawan da suka ƙirƙiro ta sun daina yin ta a gida. Kin ga ke nan ta daɗe a hannunmu fiye da yadda ta daɗe a hannun iyayenta.

Me ya sa suke son ta haka? Ki tambayi duk wanda ya yi jigila tsakanin Daura da Kano ta Kazaure, ko Daura da Katsina ta Mashi, ko ya tsallaka Kwangwalam ya nufi Matamaye da Damagaram a zamanin da kwalta ba ta wadata ba. Doguwa ce daga ƙasa, cikinta ba ya gugar tudu. Tana shanye gargada yadda fasinja zai yi gyangyaɗi a hanyar da wata motar sai ta zubar masa da haƙora. Tayoyin baya ke tura ta, saboda haka in an danna mata kaya sai ta ƙara kama ƙasa. Ga injinta ba shi da wani ɓoye-ɓoye: kafireta ce da fulogi da lagireto, in ta tsaya a dajin Allah direba zai buɗe bonet ya busa nan, ya ƙwanƙwasa can, yaran gari su tura, ta tashi. Doguwar cikinsu mai layin kujeru uku kuwa, ranar Lahadi ta kasuwar Mai'aduwa kaɗai ta san abin da ta ɗauka a duniya, daga mutane da buhuna har ɗan akuya a but. Amaren da ta kai ɗakin miji a Zango da Ɓaure da Sandamu, da masu naƙudar da ta kai asibiti cikin dare, Allah kaɗai ya san adadinsu. Mai yiwuwa ke kanki mahaifiyarki a cikinta aka kawo ta.

Ba talaka kaɗai ta ɗauka ba. A mulkin soja na Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, da gwamnati ta ce manya su rage facaka, 504 ce ta zama motar hukuma, har shugaban ƙasa ita yake shiga. Af, kafin in manta, gidan Peugeot ɗin nan mai tambarin zaki sun daɗe suna ƙera zarto da injin niƙa gahawa da na barkono da kekuna kafin su taɓa mota. Wato dai da kayan kicin ɗinmu suka yi jari.

Su kuwa 'yan Marsandi kallon 'yan Fijo suke kamar masu sarauta da talakawa. A wurinsu mota ɗaya ce a duniya, saura duk abin hawa ne. Wani zai zaɓi doguwar nan ta zamanin Shagari, wadda manyan Jamhuriya ta Biyu suka yi yayi har sunan shugaban ya bi ta. Wani ya ce shi a ba shi V-Boot, wadda aka laƙaba wa sunan saboda yankan murfin but ɗinta, ita ce kuma ta cika littattafan soyayya na shekarun 1990 tare da Honda Hala. In hira ta yi nisa sai wani dattijo ya yi ajiyar zuciya ya kawo zancen baƙar Marsandin da Janar Murtala Muhammed ke ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, lokacin da aka buɗe masa wuta a cunkoson motoci a Ikko. Tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da hujojin harsashi a jikinta. Allah Ya jiƙansa. Duk wadda Allah Ya kai ta Ikko ta daure ta je ta gani. Ba ta da wani ado, shugaban ƙasa guda yana tafe ba jiniya ba rakiyar sojoji.

To amma ga abin da 'yan majalisar ba su cika faɗa ba, ko don ba su sani ba, ko don ba ya yi musu daɗi. Marsandin nan da suke taƙama da ita, sunan yarinya ce. Wallahi kuwa. Wani attajiri mai suna Emil Jellinek, mazaunin birnin Nis a Faransa, shi ne a 1900 ya yi odar motoci 36 daga kamfanin Daimler na Jamus, da sharaɗin a sa musu sunan 'yarsa Mercedes, wadda aka haifa a 1889. Lissafa ki gani, shekararta goma sha ɗaya, sa'ar ƙanwarki 'yar aji shida. Sunan daga harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa kuma ta yi kusa da Rahama a wurinmu. Saboda haka duk Alhajin da kika ga ya hakimce a bayan Marsandi yana hura hanci, a cikin Rahama yake zaune.

Rabin sunan ke nan. Ɗaya rabin, wato Benz, shi ma akwai mace a gindinsa, kuma labarinta ne na fi so a duk tarihin mota. Carl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a Jamus a watan Janairun 1886. Gwani ne wajen ƙira, amma irin mutanen nan ne masu nauyin jiki wajen fitar da abu kasuwa, kullum gani yake da sauran gyara. Mutane kuma ba su yarda abin zai iya doguwar tafiya ba. Matarsa Bertha, wadda dukiyar aurenta ta zuba a sana'ar tun ba a san za ta yi albarka ba, ta gaji da jira. Wata asubahi a watan Agustan 1888, maigida na barci, ta bar masa 'yar takarda, ta tashi 'ya'yanta maza biyu, ɗan shekara 15 da ɗan 13, suka turo motar waje a hankali don kada ƙara ta tashe shi, suka kama hanyar garin mahaifiyarta. Daga Manhaim zuwa Fozhaim, kimanin kilomita 106. Ya fi Daura zuwa Katsina nisa, a lokacin da babu gidan mai ko ɗaya a duniya, babu gareji, babu allon nuna hanya.

Da mai ya ƙare sai ta tsaya a kantin magani a wani gari ta sayi wani ruwan goge tabon tufafi ta ɗura, shi ne man motar. Da bututun mai ya toshe, ta zare dogon fil ɗin da ke riƙe da hularta ta zurkuɗa shi. Wata waya ta goge, ta cire maɗaurin safarta ta naɗe ta. Katakon birki ya cinye, ta nemi baduku ya lika masa fata. In sun zo hawan tudu su sauka su tura. Da duhu ya fara suka isa, ta buga wa mijin waya ta tangarahu ta ce sun sauka lafiya. Bayan kwana kaɗan ta tuƙo abarta ta dawo, ta kuma ba shi shawarar ya ƙara giya ɗaya ta hawan tudu. Ni dai ban ce wata ta saci makullin maigida da asuba ba, kada a je a ce Anti ce ta koya muku! Abin da na ce ku duba shi ne, doguwar tafiya ta farko da aka yi da mota a duniya uwar 'ya'ya ce ta yi ta, da fil ɗin kai a matsayin sifana. Kamfanonin biyu, na Daimler da na Benz, sun haɗe a 1926, daga nan aka sami Mercedes-Benz.

Sai 'yan bana-bakwai, masu waya a hannu. Su ba ruwansu da Fijo, wai motar kakanni ce. Hotuna za su yi ta nuna wa juna: ga Ferrari ja, ga Lamborghini ruwan ɗorawa mai ƙofa da ke buɗewa sama kamar almakashi, ga Bugatti Veyron da ta fito a 2005 tana gudun da ya haura kilomita 400 a awa. Ba laifi, suna da kyau, ni ma nakan tsaya in kalla. Shi mai Lamborghini ɗin ma, Ferruccio, tarakta yake ƙerawa ta noma a Italiya kafin ya buɗe kamfanin motar a 1963, ana kuma ba da labarin wai haushi ne ya sa shi, don ya kai wa mai Ferrari ƙorafin kulocin motarsa aka wulaƙanta shi. Amma fisabilillahi a kawo irin wannan Daura a yi yaya da ita? Tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Tudun rage gudu na farko za ta kwanta a kai kamar kaza a kan ƙwai. Ta shiga lungunan cikin gari wajen rijiyar Kusugu da damina? Ko yashin hanyar ƙauye da rani? Kujera biyu gare ta tak. Ina uwar miji za ta zauna, ina yara, ina kular abincin da za a kai wa mai jego? In ɗan wani abu ya lalace a ciki kuwa sai an yi odarsa daga Turai, makaniken unguwa ko bonet ɗin ba zai san ta inda ake buɗewa ba, don injin ma a baya yake. Ga shan mai, tun kuwa da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 ko mai Golf sai ya yi lissafi kafin ya tayar.

Abin da zai ba ki mamaki, a can inda ake ƙera su ma tsofaffin sun fi sababbin tsada nesa ba kusa ba. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964, an yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. A watan Mayun 2022 kuma aka sayar da wata Marsandi ƙirar 1955, mai suna 300 SLR Uhlenhaut, a kan Yuro miliyan 135. Biyu ne kawai irinta a duniya, ɗayar tana gidan tarihin kamfanin a Jamus. Kada ki ce in juya miki kuɗin zuwa Naira, kaina zai yi ciwo. Motar da ta girmi iyayenmu, ba esi, ba rediyon kirki, ƙararta kamar ta fasa kunne. Masu sayen irin wannan tarihi suke saye da ƙarancin abin, kamar yadda tsohuwar tasa 'yar asali ta kakarki ta fi sabuwar roba daraja ko da robar ta fi ƙyalli. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu ma nan muna da misali: tsohuwar Rolls-Royce ɗin nan mai ruwan sararin samaniya ta fadar Kano, in ta fito, duk jif ɗin da ke wurin sai ta koma kamar 'yar rakiya. Ko da yake mu a Daura ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani, da Rolls-Royce da Marsandi duk gefe suke komawa, ranar ta doki ce.

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙar, don ba don nishaɗi kaɗai na ɗauko zancen nan ba.

Ƙanwata, ba kowace motar da ta tsaya a ƙofar gidanku ce ta wanda ke tuƙa ta ba. Akwai motar yaya, akwai ta oga da aka aiki direba ya sha mata mai, akwai wadda aka kai gareji gyara yaron makanike ya fito "gwaji" bayan Magariba, akwai ta dillalai da ke jiran mai saye, akwai ma ta wurin wanki. Aron mota don kai amarya ko kai mara lafiya ba abin kunya ba ne, kowa na yi, kowa kuma ya san aro ne. Wanda nake magana a kai shi ne mai zuwa zance da ita yana kaɗa makulli a yatsa, yana cewa "motata" sau goma kafin ya tafi. Na san wata yarinya, 'yar aji biyar a sakandare, mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi. Wani malamin firamare mai ɗan babur ke son ta, iyaye sun san da maganar, ya kuma yarda ta gama karatu. Sai ga wani ya ɓullo, yau ya zo da fara, jibi da baƙa, gata da ruwan toka. Ƙawaye suka yi ta zuga ta, abin nema ya samu, matar direba ta haifi mota. Ta tubure, ta ce ita karatun ma ya isa. Aka yi biki, motocin ɗaukar amarya har ba a ƙirga ba. Ba a rufe wata biyu ba ta gane yaron wani dillalin motoci ne, ko taya ɗaya ba tasa ba ce. Wannan da sauƙi, talauci ba abin zagi ba ne, da ya faɗi gaskiya tun farko sana'a ce mai kyau. Sai dai wanda ya iya yi miki ƙaryar abu mai ƙafa huɗu da kowa ke gani a titi, me zai hana shi ɓoye abin da ba a gani? Ashe da mata da 'ya'ya uku a wani gari, ga bashi har wuya. Tana gidansu yanzu da goyo, sa'o'inta suna manyan makarantu.

Kun sha jin cewa wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka. Ni abin da ke ba ni takaici shi ne, sau da yawa ba kwaɗayin ne kaɗai ke kai yarinya ba, har da rashin sani. Wadda ta san mota ba a ruɗa ta da fenti. Ta san wadda ake kira sabuwa dal ɗin nan, mafi yawa kwatano ce da wani Bature ya gama more ta shekara goma sha kafin ta hau jirgin ruwa. Ta san mai mota na gaskiya ba ya laluben inda ake kunna fitila, ba ya sauka a gidan mai yana zagaye yana neman ta wane gefe tanki yake, ba ya zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara ya ce shi zai gudu ana jiransa. Ta san wanda ke sauya mota kamar riga, alhali ba a san sana'arsa ba, abin tambaya ne. Tambayar kuma ba ke za ki yi ta a zaure ba. Ki gaya wa yayanki ko kawunki, su maza sun san gareji sun san tasha, kwana biyu ya ishe su su gano ko ta wace ce. Zanen aro ba ya rufe katara. Sannan ko tasa ce halak malak, takardu da sunansa, ban yarda ki shiga "mu ɗan zaga gari" ba. Ƙofar mota in ta rufe, mai sitiyari ke da iko da inda za a tsaya. Zance a ƙofar gida, inda ƙannenki ke kai da kawo.

Haka kuma wasan banzan nan da samari ke yi da motoci ranar kai amarya, ana tsere ana juyi ana tayar da ƙura, 'yan mata cike a baya suna shewa. In kin ga direban da aka ba ku yaro ne mai rawar kai, sauka ki shiga ta dattijai ko ana yi miki dariya. Gidajen biki nawa suka koma gidan makoki a kan wannan?

Wata za ta ce to Anti, mu daina mafarkin mota ke nan? A'a, ki yi, ki ma ƙara. Ni so nake mafarkin ya tashi daga kujerar mai zaman banza ya koma bayan sitiyari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yaro ne da ya tashi yana zane-zanen motoci a takarda, ya je Amurka ya karanci zanen mota, ya yi aiki da kamfanin General Motors, shi ya zana siffar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, daga baya a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Nijeriya. Fensirin da ya yi zanen da shi irin na cikin jakarki ne. Sandra Aguebor, 'yar Binin, ta zama makanikiya tun ana yi mata dariya, ta kuma koya wa ɗaruruwan mata sana'ar. A nan gida kuwa, a watan Disambar 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ta kuma fara ɗaukar ɗalibai. Ba a rubuta "maza zalla" a ƙofarta ba. Ke da ke ajin kimiyya kina kuka da lissafi da fizik, ga inda wahalar za ta kai ki, a garinku, kina kwana kusa da tuwon gidanku. Wadda kuma karatun bai yi nisa ba, in Allah Ya kai ki ɗakinki ki lallaɓa maigida ya koya miki tuƙi, ki yi lasin. Ranar da yaro zai yi zazzaɓi da tsakar dare shi kuma yana Kano, za ki gode mini.

Na san ba za ku bar ni in tafi ban faɗi tawa ba. To ku matso. Akwai wata 504 da ba a cika gani a ƙasar nan ba, mai ƙofa biyu, gajeruwa, mai kwantaccen baya, ta fito a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera jikinta, su ne dai suka zana wa Ferrari yawancin motocinta a da. Kin ga an haɗa biyu ke nan, kyan 'yar Italiya da juriyar Fijo. Akwai mai buɗaɗɗen sama, amma ita na yafe, da hunturun Daura kafin in kai Sandamu na koma kamar wadda aka tono, gyale kuma ya daɗe da tafiya Nijar. Mai rufin nake so, ruwan ƙasa-ƙasa, mai silinda huɗu, wadda in ta yi tari zan kai ta wurin tsohon makaniken Fijo ya buɗe ya gane 'yar gida ce. Kujerar baya ta jikoki. In tuƙa abata da kaina ranar Juma'a da yamma, a hankali, in bi ta Kangiwa in gaida mutane, hannu ɗaya a sitiyari. Allah Ya nufa, ku ce amin.

Saura ku. Kowacce ta rubuto mini motar da ke ranta, amma da sharaɗi: ki faɗi sunanta, da ƙasar da ake ƙera ta, da dalilinki. Wadda ta rubuto "baƙa mai baƙin gilashi" kwandon shara zan jefa. In ba ki sani ba ki tambayi Baba ko Yaya, za ki sha mamakin yadda bakinsu zai buɗe, wataƙila ma ki ji labarin motar da aka kai Inna a ciki. Waɗanda suka fi burge ni zan kawo su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti.